Rataya ƙaramar bindiga a bainar jama'a a Amurka: abin da doka ta ce da abin da ɗan sanda ke yi

"Assalamu alaikum Barista. Ni ɗalibi ne a wata jami'a a jihar Teksas, da bizar karatu na shigo. Kwanakin baya ina cikin kanti na ga wani mutum da ƙaramar bindiga rataye a ƙugunsa, kowa yana gani, har ɗan sanda ya wuce ta gefensa bai ce masa uffan ba. Amma kuma na ga wani bidiyo inda 'yan sanda suka kwantar da wani mutum a ƙasa, suka sa masa ankwa, saboda irin wannan bindigar. Shin doka ta halatta ne ko ba ta halatta ba? Me ya sa ake ƙyale wani a kama wani? Kuma ni da nake dawowa daga laburare cikin dare, zan iya sayen tawa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta haɗa abubuwa uku: matsayin doka game da yawo da ƙaramar bindiga a fili, ikon da ɗan sanda yake da shi idan ya ga mai ita, da kuma ko wannan 'yanci ya shafe ka kai da ka zo da biza. Abin da ka gani a kantin halal ne a dokar Teksas, abin da ka gani a bidiyon ma yana iya faruwa a jihar da ta halatta, domin halaccin abu a kotu ake tabbatar da shi daga baya, alhali ɗan sanda a bakin titi yana aiki ne da abin da aka faɗa masa a waya da kuma tsoron da ke ransa. Amsar tambayarka ta uku kuwa, a halin da kake ciki, ita ce a'a, kuma zan faɗi dalili.

Tushen maganar

Asalin lamarin yana cikin gyara na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka amince da shi a 1791, inda aka ce ba za a tauye wa jama'a haƙƙin ajiye makami da ɗaukarsa ba. An shafe shekaru ana jayayya a kan ko wannan haƙƙi na kowane mutum ne ko na rundunar sa-kai ce kawai, sai a 2008 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Heller cewa haƙƙin mutum ne, yana iya ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kansa. A 2010, a shari'ar McDonald da birnin Shikago, kotun ta ce wannan hukunci ya hau kan jihohi da ƙananan hukumomi ma. Sannan a 2022, a shari'ar Bruen, ta soke sharaɗin da jihar Niyok ta gindaya na cewa sai mutum ya nuna buƙata ta musamman kafin a ba shi lasisin fita da bindiga, ta ce haƙƙin bai tsaya a ƙofar gida ba. Sai dai kotun ba ta hana jihohi neman lasisi ba, kuma ba ta fito ƙarara ta ce dole a bar mutum ya rataya ta a fili ba. Saboda haka har yanzu kowace jiha ita ke tsara yadda za a ɗauka.

Wani abin da zai ba ka mamaki shi ne, a tarihin ƙasar, ɓoye makami ne ake ɗauka alamar mugun nufi, rataya shi a fili kuwa halin mutumin da ba ya da abin ɓoyewa. A 1846 kotun ƙolin jihar Jojiya ta ce gwamnati tana iya hana ɓoye bindiga a jiki, amma ba ta da ikon hana ɗaukarta a bayyane. Daga baya ne al'amarin ya juya, aka koma ba da lasisin ɓoyewa, ganin bindiga a fili ya zama abin tayar da hankali a birane.

A yau fiye da jihohi 40 sun halatta rataya ƙaramar bindiga a fili, wasu da lasisi, wasu ba tare da shi ba. Teksas da kake zaune, duk da sunan da ta yi wajen son bindiga, ba ta halatta hakan ba sai ranar 1 ga Janairun 2016, shi ma ga masu lasisi kawai, kuma daga 1 ga Satumban 2021 aka cire sharaɗin lasisin ga wanda ya kai shekara 21 matuƙar doka ba ta haramta masa riƙe bindiga ba, da sharaɗin ta kasance cikin kubenta. A ɗaya gefen akwai jihohi irin su Niyok da Ilinoi da ba su yarda ba, Konetikat ma ta hana daga Oktoban 2023. Kalifoniya ta hana yawo da bindiga mai harsashi a fili tun 1967, bayan 'yan ƙungiyar baƙaƙen fata ta Black Panther sun shiga majalisar jihar a Sakramento da bindigogi, kuma Ronald Reagan ne ya sa wa dokar hannu yana gwamna. Fulorida ta hana tun 1987, sai a Satumban 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ce hanin ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Ko a cikin jiha ɗaya ma ana samun bambanci: Kolorado ta halatta amma birnin Denba ya hana, Fensilbeniya ta halatta amma a Filadelfiya sai da lasisi.

Bayan wannan akwai wuraren da halaccin ba ya shiga. Gine-ginen gwamnatin tarayya, gidajen waya, kotuna da sashen binciken fasinjoji a filin jirgin sama duk haramun ne, kuma wata dokar tarayya ta 1990 ta hana riƙe bindiga a tazarar ƙafa 1,000 daga makarantun firamare da sakandare sai ga mai lasisin jihar da wasu 'yan kaɗan da aka keɓe. A Teksas ba a shiga da ita mashayar da kashi 51 cikin ɗari ko fiye na cinikinta daga barasa yake, kuma a jami'o'in gwamnati mai lasisi ne kawai zai iya ɗauka, shi ma a ɓoye. Mai kanti yana da ikon hanawa ta hanyar liƙa sanarwa a ƙofa ko faɗa da baki, wanda ya ƙi fita kuwa ya yi laifin kutse. Kamfanin Walmart da kansa ya roƙi masu sayayya su daina shiga da bindiga a bayyane a 2019, bayan harin da aka kai a kantinsa na El Paso.

Ikon ɗan sanda idan ya ga bindiga

Nan ne maganar take da nauyi. Haɗuwar ɗan sanda da mutum a dokar Amurka mataki uku ce. Mataki na farko shi ne ya zo ya yi maka magana kamar kowa, wannan ba ya buƙatar wani dalili, kai ma kana iya ƙin amsawa ka yi tafiyarka. Na biyu shi ne ya tsayar da kai na ɗan lokaci don bincike, kuma wannan yana buƙatar zargi mai tushe, wato ya iya faɗin takamaiman abin da ya gani da ya sa shi tunanin ana aikata laifi ko ana shirin aikatawa. Wannan ƙa'ida ta fito ne daga shari'ar Terry ta 1968, inda wani ɗan sandan ciki a Kilibland ya ga wasu mutane suna ta kai-komo a gaban wani kanti suna leƙawa, ya tsayar da su, ya laluba jikinsu ya sami bindigogi. Mataki na uku shi ne kamu, wanda yake buƙatar hujja mafi ƙarfi.

To, tambayar da kotuna suka yi ta fama da ita ita ce, ganin bindiga kaɗai ya isa zargi mai tushe? A 2000 Kotun Ƙoli ta saurari shari'ar wani matashi a Miyami da aka caje saboda wani da bai faɗi sunansa ba ya buga waya ya ce akwai yaro baƙar fata a tashar bas da bindiga. Alƙalan baki ɗaya suka ce cajin haramtacce ne, kuma suka ƙi yarda a keɓe bindiga daga ƙa'idar da aka sani. A 2013 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar Black daga jihar Karolina ta Arewa, ta ce inda jiha ta halatta rataya bindiga a fili, yin amfani da wannan haƙƙi kaɗai ba zai zama dalilin tsare mutum ba. Wadda ta fi kama da bidiyon da ka gani ita ce shari'ar Northrup ta 2015. Shawn Northrup ya fito yawon maraice da iyalinsa da karensa a birnin Toledo na jihar Ohayo, bindiga a ƙugu, wani mai babur ya daka masa tsawa ya kira 911, lambar kiran gaggawa ta Amurka, ɗan sanda ya zo ya karɓe bindigar, ya sa masa ankwa, ya zaunar da shi a mota kusan rabin awa. An janye tuhumar da aka yi masa, ya kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta ce ɗan sandan ba zai fake da kariyar da doka ke ba ma'aikata ba, domin ba shi da ikon tsare mutum saboda abin da majalisar jihar ta halatta.

Amma akwai ɗaya fuskar. A 2017, a shari'ar Robinson, cikakken zaman wata kotun ɗaukaka ƙara ya ce idan an tsayar da mutum bisa wani dalili na halal, kamar rashin ɗaura bel a mota, kuma ɗan sanda yana da dalilin zaton akwai bindiga a jikinsa, to yana iya caje shi ya karɓe ta, ko da jihar ta halatta ɗaukarta. Dokar Teksas ma ta ba ɗan sanda ikon karɓe bindigar na ɗan lokaci idan yana ganin hakan ya zama dole don kare kansa ko wani, ya mayar idan ya sallami mutumin. A jihar da sai da lasisi kuwa, kotuna sun rabu a kan ko ɗan sanda zai iya tsayar da mutum don kawai ya ga takardarsa.

Dalilin da ya sa ake ƙyale wani a kama wani

A aikina na kare waɗanda ake tuhuma, abin da na fi fara nema a irin wannan shari'a shi ne faifan kiran 911, domin yawanci a can aka yanke yadda haɗuwar za ta kasance tun ɗan sanda bai iso ba. Idan mai kira ya ce ga wani mutum da bindiga a ƙugu yana sayen burodi, a jiha kamar Teksas mai karɓar kira zai tambaye shi ko mutumin ya zaro ta ko ya yi wa wani barazana, in ya ce a'a, watakila ba za a tura kowa ba. Idan kuwa ya ce yana wasa da ita ko yana nuna mutane, to motoci da yawa za su zo, bindigogi a zare.

Na taɓa kare wani makanike, baƙar fata, ɗan ƙasa, wanda ba shi da wani laifi a tarihinsa. Yana shan mai a wani gidan mai, bindigarsa a kube, suka yi 'yar sa'insa da wani direba a kan layi, direban ya koma motarsa ya buga waya ya ce an zaro masa bindiga. Kafin tankin ya cika 'yan sanda sun kewaye shi, ɗaya yana cewa ya ɗaga hannu, ɗaya yana cewa ya kwanta, bututun mai yana hannunsa bai san wanne zai bi ba. An tuhume shi da nuna makami ta hanyar da za ta tsorata jama'a, wanda laifi ne a dokar jihar ko ga mai izinin ɗauka. Da muka samo hoton kyamarar gidan man, sai ga shi hannunsa bai ko kusanci ƙugunsa ba, abin da ya yi kawai shi ne ya juya jikinsa yana magana har kuben ya fuskanci direban. An kori tuhumar, amma ya kwana a tsare, ya biya beli, bindigar ta daɗe a hannun hukuma, kuma da babu kyamarar da maganarsa ce kawai da ta wancan. A ganina wannan shi ne babban raunin rataya bindiga a fili da masu goyon bayanta ba sa son ambata: duk wanda ya yi fushi da kai ya riga ya san launinta da gefen da take, don haka ƙaryarsa tana da kamar gaskiya.

Su ma 'yan sandan suna da nasu ƙorafin, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. A watan Oktoban 2015 a birnin Kolorado Sifirins wata mata ta kira 911 ta ce maƙwabcinta yana tafe da doguwar bindiga, aka yi mata bayanin cewa doka ta halatta, ba a ɗauki kiran da gaggawa ba, jim kaɗan mutumin ya kashe mutum uku. A Yulin 2016 a birnin Dalas na Teksas, lokacin da wani ɗan bindiga ya kashe 'yan sanda biyar a wajen zanga-zanga, akwai masu zanga-zangar da ke rataye da bindigogi bisa doka, har aka yaɗa hoton wani da bai san hawa ba bai san sauka ba a matsayin wanda ake zargi, shugaban 'yan sandan birnin David Brown ya koka cewa a irin wannan yanayi da wuya a bambance mai laifi da marar laifi. Shi ya sa ƙungiyoyin shugabannin 'yan sanda da dama suka yi adawa da cire sharaɗin lasisi a Teksas.

Sai kuma batun launin fata, wanda ba zan ɓoye maka ba tunda ya shafe mu kai tsaye. Ohayo jiha ce da ta halatta bindiga a fili, amma a nan ne ɗan sanda ya harbe John Crawford, baƙar fata, a Agustan 2014 cikin kantin Walmart yana riƙe da bindigar iska da ya ɗauko daga kan kanta, bayan wani ya kira 911 ya ce yana nuna mutane. A nan ne kuma ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, yaro baƙar fata ɗan shekara 12, a Nuwamban wannan shekarar, yana wasa da bindigar roba. A Yulin 2016 a Minesota, Philando Castile, shi ma baƙar fata, yana da lasisi, shi da kansa ya gaya wa ɗan sandan da ya tsayar da motarsa cewa yana da bindiga, cikin 'yan daƙiƙoƙi aka harbe shi a gaban budurwarsa da ƙaramar 'yarta, kuma masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke ɗan sandan a 2017. Abin da ya sa irin waɗannan shari'o'i suke da wuyar ci shi ne hukuncin Graham na 1989, wanda ya ce ana auna ƙarfin da ɗan sanda ya yi amfani da shi da idon ɗan sanda mai hankali a daidai lokacin da abin ke faruwa, ba da abin da aka gano daga baya ba.

Don haka shawarar da nake ba masu ɗauka bisa doka ba ta da yawa. Hannu ya kasance a inda ake gani, kada ya je kusa da ƙugu ko da don ciro lasisi ne sai an faɗa kuma an ba da izini, kuma kada a ajiye walat a gefen da bindigar take. Wasu jihohi sun wajabta sanar da ɗan sanda akwai makami, wasu sai in ya tambaya, don haka dole mutum ya san ta jiharsa. Yana iya tambaya cikin ladabi ko an tsare shi ne ko yana iya tafiya, yana iya cewa bai yarda a caje motarsa ba, amma kada ya yi turjiya, domin gardamar doka a gaban alƙali ake yin ta. Kuma mutum ya sani cewa a jihohi irin su Mishigan da Fensilbeniya, da zarar ya shiga mota da bindigar da ya rataya a fili, hukuncinta ya canja, sai da lasisi.

Kai da ka zo da biza

Dokar tarayya ta haramta wa rukunin mutane biyu riƙe bindiga ko harsashi saboda matsayinsu na baƙi: wanda yake ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, da wanda ya shigo da bizar ɗan lokaci, irin ta karatu, ziyara ko aiki. Hukuncin yana iya kai wa shekara 15 a gidan yari tun bayan gyaran da aka yi a 2022, kuma laifin bindiga yana cikin dalilan korar baƙo daga ƙasar, har da mai takardar zama ta dindindin, duk da cewa shi doka ta ba shi damar mallaka. Sauƙin da Teksas ta yi bai taɓa wannan dokar ba ko kaɗan. Haramcin kuma a kan riƙewa yake, ba saye kawai ba, wato ko aboki ya ara maka, ko ka je filin koyon harbi ka yi haya. Shari'ar Rehaif da Kotun Ƙoli ta yanke a 2019 ta wani ɗalibi ce daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da jami'arsa a Fulorida ta sallama, bizarsa ta faɗi, ya je filin harbi, aka gurfanar da shi, sai da ya kai Kotun Ƙoli kafin aka ce dole masu gabatar da ƙara su tabbatar ya san matsayinsa ya canja.

Za ka ji ɗalibai suna cewa akwai hanya, wato a sayi lasisin farauta. Gaskiya ne doka ta keɓe mai biza da ke da lasisin farauta na jiha wanda bai ƙare ba. Amma ranar da lasisin ya ƙare ko matsayinka na ɗalibi ya samu tangarɗa, bindigar da ke ɗakinka ta zama babban laifi, kuma ƙa'idojin ɗakin kwanan jami'a da na fita da ita waje daban suke. Ban taɓa ba ɗalibi shawarar ya ɗora makomar karatunsa a kan wannan siririyar igiya ba. Don dawowarka cikin dare, yawancin jami'o'i suna da 'yan sandansu da tsarin rakiya ko motar dare kyauta, ka nemi lambarsu ka ajiye a waya. Bayanin nan na gaba ɗaya ne, aikina a Teksas nake yinsa, dokokin jihohi kuma suna sauyawa da hukuncin kotuna, don haka kafin ka taɓa makami kowane iri ka zauna da lauyan shige da fice ya duba takardunka.

Idan kuma tunaninka shi ne ka saba da ita kafin ka koma gida, to a Najeriya lamarin ya fi haka tsauri. Dokar makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi, wato fistol da libarba, cikin haramtattun makamai, tare da bindigogin soja, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa. Sufeto janar na 'yan sanda yana ba da lasisin bindigar harbin tsuntsu da makamantanta, kwamishinan 'yan sanda na jiha kuma na bindigar mafarauta da ake ɗura wa albarushi ta baki. Ko lokacin da gwamnan Zamfara na wancan lokacin, Bello Matawalle, ya yi kira ga jama'a a 2022 su nemi lasisi su kare kansu daga 'yan bindiga, ikon ba da lasisin bai koma hannun jiha ba. Dokar fashi da makami ta tanadi tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka samu da bindiga ba bisa ƙa'ida ba.